Rasuwar Dattijo, Kakakin Layin Baya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, da hannun da ya yi ta ɗaukar biro yana ajiyewa, nake sanar da 'yan ƙungiyarmu ta badujala, da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa bi ta ƙarƙashin tagarmu da yamma, rasuwar kakakina, wanda aka fi sani da Dattijo.

Saura kaɗan ban rubuta wannan sanarwa ba. Ni ba mai magana ba ce, karatuna kuma a firamare ya tsaya, ita ma ban ƙarasa ba. Sannan na san duk ranar da aka manna takardar nan a ƙofar ɗakin atisaye, ranar na rasa gurbina a ƙungiya, domin ba a tsayawa a layi ba kakaki a hannu. Amma ya kwana biyu da rasuwa, kuma har yau babu wanda ya ce ina yake. Wanda ya yi irin aikin da ya yi bai cancanci ya tafi shiru haka ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, marigayin ƙaramin kakaki ne na tagulla mai madannai uku, irin wanda ake busawa a bikin rufe makaranta da buɗe sabon shago. Babu wanda ya san shekarunsa. Sunan waɗanda suka ƙera shi ya goge tun kafin ya zo hannuna. Faffaɗan bakinsa ya lotsa ta gefen hagu, kamar ya taɓa faɗuwa daga mota. A wurin riƙo akwai shatin yatsun waɗanda suka riga ni, yatsu manya, na maza, da suka cinye fentin har suka bar tagullar tsirara. Nawa yatsun ba su taɓa cika shatin ba.

Ni mai guga ce a shagon wanki, kuma ta dalilin guga muka haɗu. Rigunan ƙungiyar a shagonmu ake wanke su, jajaye masu maɓallan ƙarfe, ni nake goge su, ni nake kai su. Idan na miƙa kaya sai in zagaya bayan ɗakin in tsaya jikin taga ina saurare. Na daɗe ina haka, har ranar da shugaban ƙungiya, wanda kowa ke kira Kofur saboda aikin ɗamarar da ya yi a ƙuruciya, ya leƙo ya kama ni.

"Ke Mai Guga," ya ce, "kullum kina manne da bango kamar ƙadangare. Ko ki shigo, ko ki tafi."

Ban shiga ba, ban tafi ba. Ya yi dariya, ya koma ciki, ya fito da ɗan kofin da ake ɗora leɓe a kai, da guntun tiyon ban ruwa, da mazurari. Ya haɗa su wuri guda ya miƙo mini ta taga. Ya ce in je in yi ta hurawa, ranar da abin ya daina kukan akuya in dawo. Da tiyon nan na koyi busa.

A ƙungiyarmu kowa shi ke sayen kakakinsa. Abin da na tara daga guga ba shi da yawa, da shi na je babban shagon kayan kiɗa. Can sama cikin gilashi akwai na ƙwararru, waɗanda irina ko kuɗinsu ba ma tambaya. Ƙasa kuma an rataye sababbi masu ƙyalli, jere, har kana ganin fuskarka a jikinsu, kuɗinsu daidai aljihuna. Har na nuna ɗaya da yatsa, sai na tuna Kofur ya ce kada in biya ko sisi sai na fara biyawa ta wurin tsohon da ke gyaran kayan busa, wanda ake kira Baba Mai Dalma.

Rumfarsa ƙarama ce, tana warin dalma da tsohon mai. Da na faɗa masa abin da na gani, sai ya ce, "'Yata, waɗannan gwangwanin madara ne aka yi wa wanka. Kafin shekara ta zagayo madannan sun fara maƙalewa, ki kawo mini, ni kuma in ce ba ni da abin yi." Ya sunkuya ƙarƙashin teburi ya jawo wani abu baƙi kamar gindin tukunya. Na ɗauka tsokanata yake yi.

Shi ya nuna mini yadda talaka ke zaɓen kakakin ƙwararru. Ya ce in manta da fuska. Lotsawa a faffaɗan baki ba ta hana komai, wadda ke kusa da wurin busa ita ce matsala. Ya sa na ɗaga bututun farko ga hasken ƙofa na leƙa ciki, ko akwai jajayen tabo. Ya sa na girgiza kowane madanni in ji ko yana rawa a raminsa. Daga nan ya nuna mini lanƙwasar bututun da ake zarewa, ya ce in fizge ta da sauri ba tare da na danna komai ba. Idan iska ba ta da wurin zurarewa, kakakin zai faɗa da bakinsa.

Na fizga. Ya ce, "Fot!"

Wannan ita ce kalmar farko da marigayin ya faɗa mini. Baba Mai Dalma ya gyaɗa kai ya ce, "Saura ɗaya. Ihu kowanne ya iya. Sa shi ya yi raɗa ki ji." Na ɗora leɓe na hura a hankali, can ƙasa. Ya ce, "Huuum," da wata murya mai kauri, mai ɗumi, wadda ba ta rawa. Na juye abin da na tara a kan teburi. Tsohon bai ƙirga ba a gabana, ni ma ban tambaya ko ya kai ba. Da na shiga ɗakin atisaye da shi, Dogo, mai busa kusa da ni, ya ce, "Ƙanwata, wannan ai dattijo kika ɗauko, a ba shi kujera." Haka sunan ya zauna.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya jure mini lokacin da ban iya ba, bai taɓa maƙalewa a tsakiyar taro ya kunyata ni ba. Ba shi da son a gani. A layin baya muke tsayawa, aikinmu riƙe ƙasa: masu gaba su ɗauki waƙa su yi sama da ita, mu kuma mu shimfiɗa musu dogon sauti a ƙarƙashi, su taka. Ba a tafa wa mai riƙe ƙasa. Bai taɓa nuna ya damu ba. Abincinsa ɗigon mai ne a madannai da wanka da ruwan ɗumi. Idan sanyi ya kama shi yakan yi ƙasa da murya sai na hura masa numfashi ya ji ɗumi, kamar kowane tsoho. Idan maƙwabciyarmu mai jariri ta buga bango, nakan cusa masa tsohuwar safa a baki, ya ci gaba da magana ta hanci, "Nyaam, nyaam," bai yi fushi ba.

Babban alherinsa kuwa, a ɗakinmu ya yi shi, inda babu wanda ya gani.

Ni da Inna kaɗai ne a ɗaki. Inna kurma ce tun haihuwa. Babana ya rasu ina ƙarama, sai na zama kunnenta a kasuwa da asibiti, dalilin barin makarantata ke nan. Da hannu muke hira. Ɗakinmu ba rediyo, ba kiran suna, sai ƙarar cokali da ta tsintsiya. A nan na taso, shi ya sa har yau idan na buɗe baki a cikin mutane sai in ji kamar na sa takalmin wani. Inna ba ta taɓa jin muryata ba, ko kukan da na yi ranar da ta haife ni.

Ranar da na kawo Dattijo gida, tana zaune bakin gado tana kallon kumatuna tana dariya. Can ta miƙo hannu ta ɗora tafinta a kan faffaɗan bakinsa ina cikin busa. Ta janye da sauri kamar ta taɓa dutsen guga. Ta dube ni. Ta mayar da hannun a hankali, ta bar shi a nan. Da na tsaya in ja numfashi, ta yi mini alama da yatsu cewa kamar kyanwa ce ta kwanta mata a hannu tana gurnani. Daga ranar, a harshenmu na hannu, sunansa Kyanwa. Kullum na dawo daga shago sai ta ajiye abin da take yi, ta zauna, ta ɗora tafi, ta rufe ido. Ba ta son sautin sama, ta ce ƙaiƙayi yake yi mata. Na ƙasa take so, irin wanda ba a tafa wa. Idan wani wuri ya yi mata daɗi sai ta bugi gwiwata, in maimaita.

Ciwon ajalinsa ya fara da ƙananan tabo jajaye a bututun farko, kamar ƙurajen zafi. Baba Mai Dalma ya ce tsufa ne, daga ciki tagullar take cinyewa, numfashin duk waɗanda suka taɓa busa shi ne ya taru. Ya liƙe masa faci. Wani tabon ya fito a gefen facin, ya sake liƙewa. Daga baya madannan suka fara rawa a raminsu. Aka koma zuba masa mai mai kauri, ya ɗan farfaɗo, har na yi murna. Amma na lura ina zuba numfashi da yawa ina samun sauti kaɗan, in sauko daga aiki kaina yana juyawa. Idan na fizge lanƙwasar nan, maimakon "Fot!" sai ya ce "Fuu," kamar mai jin barci. Bai daina fita aiki ba duk da haka.

Ya cika wata yamma a ɗakinmu, hannun Inna yana kansa. Muna tsakiyar dogon sauti sai muryar ta tsinke. Na sake hurawa, ya ce, "Hhhh." Iska ce kawai, tana fita ta inda bai kamata ba, har ina jin ta a yatsuna. Inna ta jira, idonta a rufe. Ta jira. Sannan ta buɗe ido, ta ɗauke hannun daga kansa ta ɗora a ƙirjina, ta ga ni ina hurawa. Ta tashi ta ɗauko zane ta rufe shi.

Baba Mai Dalma ya ɗaga shi ga hasken ƙofa, haske ya shigo ta jikin bututun kamar rariya. Ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce idan aka canja bututu aka sake madannai, kuɗin ya kai na sabo a cikin gilashi, kuma abin da zai fito ba Dattijo ba ne, wani ne sanye da bakinsa.

Daga nan wurin Kofur na nufa. Ina so a sani da kyakkyawar niyya ya ba ni shawarar da ya ba ni, don ya san abin da ake raba mana bayan aiki da shi nake sayen maganin Inna. Ya ja ni gefe ya ce, "'Yata, masu biki kakaki suke ƙirgawa, ba sa ƙirga sauti. Goge shi ya yi ƙyalli, ki tsaya a layinki na baya, kumatu a kumbure, yatsu na tafiya. Rabonki yana nan. Daga ni sai ke."

Na yi haka. Na ɗauki marigayin na kai shi bikin rufe makaranta, na kai shi buɗe wani shagon taya. Na tsaya a rana cikin jar riga, na ɗaga shi lokacin da aka ɗaga, na sauke lokacin da aka sauke. Ina ta jiran wani ya waiwayo ya ce ina ƙasan waƙar ya tafi. Babu wanda ya waiwayo. Wata mata ta ɗauke mu hoto. Da aka tashi, Dogo, wanda kafaɗarsa ke gogar tawa a layi, yana zubar da yawun kakakinsa ya ce, "Ƙanwata, yau mun cika fili. Dattijon nan naki sai ƙara ƙuruciya yake."

Na ce masa haka ne. A motar komawa na zauna can baya da akwati a cinya, kowa yana hira.

A duk garin nan, mutum ɗaya ce ta gane da kanta cewa Dattijo ya daina magana, ita ce kuma wadda ba ta ji. Da ta gan ni ina sake goge shi don aikin gaba, ta tsaya a kaina, ta taɓa kafaɗata, ta tambaye ni da hannu: ina za ki kuma da gawa?

Marigayin ya rasu ya bar ɗan kofin leɓensa, wanda ke cikin ƙoshin lafiya kuma zai iya shiga kowane kakaki. Ya bar akwatinsa mai ɓallallen makulli da ake ɗaurewa da igiyar takalmi, da rabin kwalbar mai, da safa guda wadda abokiyarta ta riga ta gidan gaskiya. Ya bar yayansa, tiyo da mazurari, wanda aka zaro daga ƙarƙashin gado ya koma bakin aiki a tsufansa, ko da yake Inna ta ɗora masa hannu sau ɗaya ta ce roba ba ta gurnani. Ya bar Inna, wadda har yanzu idan na shigo takan ajiye abin da ke hannunta, sannan ta tuna, ta ɗauka. Ya bar ni.

Masu cewa in je in ɗauko ɗaya daga masu ƙyallin nan in tsare gurbina, na gode da kulawa. Na je, na gwada. Na fizge lanƙwasarsa bai ce komai ba. Na sa shi raɗa, ya yi ƙara kamar an ja ƙofar langa-langa. A layin gaba wataƙila ya ɓoye cikin ihu, a layin baya kuwa ɓata wa kowa ƙasa zai yi. Kuma idan na zuba ɗan abin da nake da shi a kansa, babu sauran abin da zan tari na kirki da shi ranar da ya fito. Saboda haka duk wanda ya san inda wani tsohon kakaki yake kwance, a bayan durowa, ko a ɗakin ajiyar makaranta, ko a hannun iyalan wani da ya daina busa, ina roƙo ya bar saƙo a rumfar Baba Mai Dalma. Ba a damu da muninsa ba. Baƙi ne, lotsattse ne, ba akwati, duk a kawo. Cikinsa kawai za a leƙa, a ji ko yana riƙe iska. Abin hannuna kaɗan ne, ba na ɓoyewa, amma ina guga kullum.

Za a yi sallama da marigayin ranar Alhamis bayan an tashi daga aiki, a rumfar Baba Mai Dalma. Ba za a yi masa addu'a ba, na san ƙarfe ne. Za a kwance shi a hankali. Sifirin ɗinsa, wato 'yan wayoyin da ke ɗago madannai, da murafun madannan da ƙananan kusoshi za a ajiye su don kakakin 'yan koyo da ke zuwa gyara. Sauran jikin za a kai wa masu narka tagulla. Na roƙi kada a rataye shi a bango don ado, ya sha isasshen riƙo ba magana. An ce irin tagullarsa da ita ake yin kan famfo da mariƙin ƙofa. Da za a tambaye ni, da na zaɓa masa mariƙi, inda tafin hannu zai riƙa sauka.

Babu zaman makoki, ɗakinmu ba zai ɗauki mutane ba. Abu ɗaya nake roƙon 'yan ƙungiya, idan ba zai zama ɗawainiya ba. A zo da kayan busa. A ɗauki waƙa guda, kowace ce, a busa ta a hankali, kowa ya riƙe nasa, kada wani ya cike gurbin Dattijo. A saurari wurin da babu komai. Shi ke nan, kowa ya kama gabansa.

Mai sanarwa, a madadin iyalai: Mai Guga, ta layin baya.

Abin da ke sama jiya da yamma na rubuta shi. Yau da safe na goge jar rigata, na bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya, na ninke ta, na biya ta ɗakin atisaye kafin in wuce shago. Na tarar da Kofur shi kaɗai yana shara. A hanya na shirya maganganu da yawa, amma abin da ya fito shi ne, "Na kawo riga." Na miƙa masa takardar a kai.

Ya jingine tsintsiya ya karanta a tsaye, leɓensa yana motsi. Ya daɗe. Da ya gama ya ce, "Kin san ranar Asabar sai na sa wani a wurin?"

Na ce na sani.

"Taurin kai gare ki kamar tsohon soja." Ya buɗe akwatin riguna ya sa tawa a ciki tare da sauran. Ya mayar mini da takardar, ya ce idan na ƙara abin da zan ƙara in kawo ta, shi zai manna ta da kansa, can sama, daidai idon Dogo.

Da sauran lokaci kafin a buɗe shago, sai na bi ta layin masu sayar da tsofaffin kaya. A rumfar farko wani mutum yana jera fankoki da tsofaffin agogo. Na tambaye shi ko yana da kakaki. Bai ji ba, injin wani mai walda yana ƙara a gefe. Na sake faɗa, da ƙarfi, har matar da ke rumfar kusa ta ɗago kai. Ya ce babu. Na gode masa, na matsa rumfa ta gaba.